Shekarar da Inna Ta Hana Ni Tafiya

Ku 'ya'yan ƙanena Mati da 'ya'yan ƙanwata Hakama, da ku jikokinsu masu kirana Kaka Firer, akwai wata magana da ke yawo a gidanmu tun kafin a haifi yawancinku, na kuma ga ta fara yin saiwa. Wai limaman Katolika sun taɓa koro ni daga gidan horo, na yi shekara guda a gona ina cizon yatsa, sannan suka ji tausayina suka mai da ni. Shekarar kam na yi ta, da hauya a hannuna. Amma ba wanda ya kore ni. Tun da idona bai gama mutuwa ba, bari in rubuta muku yadda aka yi.

Ni ne ɗan fari a ɗakin Inna. Ku da uwayenku ke ƙwala muku kira tun daga bakin ƙofa, da wuya ku gane nauyin wannan magana. Ƙauyenmu yana gabas da tafkin Madarumfa, gidanmu kuwa gidan gargajiya ne, ba ma salla, kuma kunyar ɗan fari a wurinmu har ta fi ta Musulmin da muke maƙwabtaka da su tsanani. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa magana, ba ta nuna wa mutane ta san yana duniya. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, uwar babana, wadda kowa ke kira 'Yar Gabi don daga garin Gabi aka auro ta. Ita ta raine ni, ita ke kirana maigida, ita ke yi mini gorin ban taɓa saya mata zane ba. Inna kuwa in dole ta sa ta ambace ni, sai ta ce "na tsohuwa". In ta dama fura, ta ajiye ƙwarya a ƙofar 'Yar Gabi, ta ce wa iska, "Ga ta nan, kada ta yi tsami," ta wuce abinta. Haka na tashi, ban kuma ɗauke shi wani abu ba, don haka na ga ana yi a kowane gida.

Da kumandan, Baturen mulki, ya aiko a ba da yara lakwal, wato makarantar boko, mai gari ya tsinto 'ya'yan gidajen da ba su da baki, har da ni. Sauran suna kuka suna neman hanyar gudu, ni kuwa na sami abin da ban san ina nema ba. Ni mutum ne mai nauyin baki, in aka taru mutum uku sai murya ta ƙi fita, amma takarda ba ta kallon mutum a ido. A garin neman abin karantawa na saba da gidan misiyo na limaman Katolika, a can aka yi mini baftisma, Nomau ya zama Yusufu. Ina da kamar shekara goma sha takwas na ce ina so in zama limami irinsu, wanda ake aikawa inda ba a taɓa jin bishara ba. Aka karɓe ni a wani ƙaramin gidan horo, tafiyar yini guda a kamyo, babbar motar kaya, daga Madarumfa. Mu huɗu ne samari, sai mai horonmu, wani Bafaranshe da muke kira Mumper kamar yadda ake kiran kowane limami, mutanen gari kuma suna ce masa Mai Gemu.

Zaman gidan ya yi mini daidai kamar an auna. Ƙararrawa ke tashe mu, ita ke zaunar da mu. Akwai lokacin addu'a, da na karatu, da na ban ruwa a lambu, da lokacin da ba a magana sam. Kafin abincin rana kuma kowa zai zauna shiru na ɗan lokaci ya yi binciken zuciya, wato ya bi sawun abin da ya motsa a ransa tun safe, ya tambayi kansa daga ina ya fito, ina kuma yake jan sa. Duk wannan ba wanda ya kamo ni. Kayena, wato littafin rubutuna, ba ɗigon tawada, ƙyallayen bagade in na ninke su baki na haɗuwa da baki, ranar da ƙararrawa ke hannuna ba ta taɓa makara ba. Abu guda ya gagare ni. Kowace Alhamis Mumper yakan zauna da mu ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin wata tsamiya, abin da yake kira buɗe zuciya. Sauran in sun zauna sai an taso su. Ni kuwa da na zauna sai idona ya sami tururuwa a ƙasa ya bi ta.

"Yusufu, ba ni labarin uwarka."

"Tana lafiya, Mumper."

"Wannan ka gaya mini makon jiya. In ka je gida, me take ce maka?"

Idona ya koma kan tururuwa. Ya jira, ya tsefe gemu da yatsa, sannan ya faɗi maganar da ban manta ba har yau.

"Wanda za a aika cikin mutanen da ba nasa ba, ba mata ba ɗa, dole ya san abin da ya baro a baya. In gudowa ya yi daga gida, zai isa can da yunwa a zuciya. Mai yunwa kuwa in ka ba shi rabon abinci, ci zai yi. Na ga irinsu, Yusufu, na ga yadda suka ƙare."

A ƙarshen shekara zai rubuta takarda zuwa babban gidan horo da ke ƙasar Mosi, kuma ba mai tafiya sai da abu biyu: shaidar Mumper, da yardar iyaye daga bakinsu. Don haka da aka yanke gero muka hau kamyo tare har Madarumfa, muka bi gefen tafki a ƙasa zuwa ƙauyenmu. Mumper ya iya Hausa, amma a littafi ya koye ta, ya ƙarasa a bakin 'yan kasuwa. Bai taɓa kwana a gida irin namu ba. Babana ya shimfiɗa masa tabarma, ya saurare shi har ƙarshe, bai dubi inda nake ba.

"Wanga da kake magana shina da ƙane," in ji Baba. "Wuƙar yankan tsahin gidan ga ba ta rasa mai riƙo. Ni ba ni da ta cewa."

Mumper ya ce sai ya ji ta bakin uwa. Aka kai shi masussuka, inda Inna ke sussuka da matan gidan. Na tsaya a bayansa ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Baiwar Allah, ɗanki zai tafi ƙasa mai nisa. Zai yi shekaru bai dawo ba, kuma ba zai yi aure ba har abada. Me kika ce?"

Taɓaryar Inna ba ta tsaya ba.

"Wane ɗa? Ɗana Mati na gona."

Matan suka toshe baki da gefen zane suna ƙyaƙyatawa.

"Wannan da ke tsaye a bayana."

"Na tsohuwa ne. A tambaye ta."

Ko sau ɗaya ba ta waiwayo ba. Na ga wuyan Mumper ya yi ja. Na raka shi har muka kai inda masunta ke gyaran komarsu a bakin ruwa. Nan ya tsaya ya dafa kafaɗata, murya a sanyaye, ya ce ba zai rubuta takardata yanzu ba.

"Ban sani ba ko Allah ke kiranka, ko gida ke korarka. Zauna nan wata guda ka bincika. In ka dawo, ka gaya mini da bakinka."

Magana ɗaya ta isa ta warware komai a wurin. Amma ina! Ɗan fari ya tsaya ya ce wa baƙo uwata tana sona, ai kamar ya tuɓe a tsakiyar kasuwa ne. Na bar shi ya tafi da zatonsa, na juyo gida. 'Yar Gabi na zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa.

"A'a, maigida! Mai Gemu ya sake ka ne ka dawo ga uwargida? Dama na san ba shi iya tuwo kamar nawa."

Na gaya mata abin da ya faru. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Duk gemun nan bai san kunya ba? To mi anka koya mishi a garinsu? Kira min shi in karanta mai."

Sai dariyar ta ɗauke. Ta ture gyaɗar gefe ta dube ni.

"Ji nan. Koma ka ce ma Nasaranka al'ada ce, shi rubuta takardarshi, ka tahi abinka. Amma kada ka kuskura ka je ga uwarka. Kunya ce ta ɗaure bakin nan. In ka kwance shi, ba ka san abin da za shi hito ba."

Ga hanya mai sauƙi an nuna mini, kuma ba ƙarya a cikinta. Da na bi ta, da ba a yi wannan labari ba. Amma an ce in bincika, ni kuwa ban iya aiki rabi da rabi ba. Kowace rana in rana ta take tsaka sai in tafi gindin wani gawo a bakin tafki in zauna in yi binciken zuciya kamar yadda aka koya mana. Kwana da kwanaki ban sami komai ba sai haushin Mumper. Da haushin ya kwanta, abu biyu suka taso, kuma ba wanda ya yi mini daɗi. Na farko, Mumper bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Na tuna wata rana muna yara, ni da Mati muka taka ƙaya a hanya ɗaya. Inna ta sheƙo ta sungume shi tana kiran sunansa, ni kuwa na zauna na cire tawa da kaina. Na san dalili tun a lokacin, amma sanin dalili bai hana abin zama a raina ba, kuma ba mamaki shi ya fara tura ni cikin littattafai. Na biyu ya fi muni. Na gane cewa tun ranar da na fara mafarkin tafiya, ina dogara ne da shirun Inna. A can ƙasan zuciyata ina murna ba za ta iya hana ni ba. Ashe so nake in sulale a ƙarƙashin kunyarta kamar ɓarawon da ya san mai gida a ɗaure yake. In wannan ba gudu ba ne, mene ne gudu?

Sai da na yi kwana uku ina zagaya ɗakinta ina komawa. A na huɗu, da hantsi, na same ta ita kaɗai a bayan ɗaki tana niƙa. Na tsuguna nesa kaɗan, na ba ta gefe, na kafa ido a kan danga.

"Inna, tambaya na zo yi. In na tafi, da yardarki?"

Dutsen ya tsaya. Na ji kaza na tono, na ji wani yana sara can a bayan gari. Sannan niƙa ya ci gaba, ta kuma yi magana, amma da dutsen take yi.

"Dutse, ka ji mutanen zamani da rashin ta-ido. To, tun da an tambaya, a gaya ma mai tambaya ban yarda ba. An cire min shi a nono anka kai ɗakin tsohuwa, na yi shiru. Kumandan ya aiko ya ɗauka, na yi shiru. Yanzu kuma a ɗauke shi har da jikokin da ban gani ba? Ban yarda ba. In ana jin tawa, a tsaya."

Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni bakin tafki ba. Na zauna na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro, ina yi kuma wani daɗi na ratsa ni. Hanyata ta toshe, da hannuna na toshe ta. Amma a shekara goma sha tara, ranar ce na fara jin Inna ta ce ni nata ne.

Da wata ya cika na koma. Ranar Alhamis na zauna a ƙarƙashin tsamiya, na ɗaga kai na dubi Mumper a fuska, na yi ta magana har ƙararrawar rana ta buga ba wanda ya motsa. Na gaya masa kunyar ɗan fari, da ƙayar, da abin da na gano a gindin gawo, da abin da aka gaya wa dutsen niƙa. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

"Na yi wa uwarka mummunan zato, Allah ya gafarta mini. Yau zan iya rubuta shaidarka ba tare da shakka ba. Amma ta ce a'a."

"Ta ce, Mumper."

"Ba wanda ya ji sai kai. Da ka yi shiru, da ban sani ba."

"Ai ni na ji."

Abokaina uku suka hau kamyo zuwa ƙasar Mosi. Ni na ninke ƙyallayen bagade karo na ƙarshe, na ɗaure littattafai biyar da Mumper ya ara mini, na dawo gida.

Ba zan ce muku shekarar ta yi daɗi ba. Hannuna ya manta hauya, makon farko na noma tafina ya yi ƙurji ya fashe. Samarin gari in na wuce sai su tashi su sara mini kamar soja, suna kirana Mushe yadda ake kiran malamin lakwal. Mati, kakan wasunku, shi ne shugabansu.

"Mushe, wannan hauya ce hwa, ba alƙalami ba! A hankali, kada ka yi ma gero gyaran rubutu."

Yana da gaskiya, don layin shukata ya miƙe kamar layin kaye, masu wucewa har tsayawa suke su yi kallo suna dariya. Nan ne maganar kora ta samo asali. Na ji ta a bakin rijiya, na ji ta a kasuwar Ɗan Issa, ban kuma tanka ba, don in na ce ba korata aka yi ba sai a tambayi dalili, dalilin kuwa sirrin Inna ne. Wani ƙanen babana ya fara nuna mini 'yan mata, na ce ya dakata. Ba ƙararrawa a ƙauye, sai na koyi gane lokacin addu'a da inuwar rumbu. Wata rana zuciya takan ce mini Allah ya manta da ni, wata rana ta ce dama can ni na ƙirƙiri kiran da kaina. In ta faɗi haka sai in zauna in bi sawunta, in ga daga ina ta fito, in tashi in koma gona. Inna ta koma shirunta kamar ba a taɓa yin komai ba. Ni kuma na yi wa kaina alkawari ba zan sake tambayarta ba, don tambaya ta biyu matsi ce.

Bari in faɗi abin da shekarar ta ci mini tun yanzu, kada ku ce na ɓoye. Da na isa ƙasar Mosi daga baya, an ce shekaruna sun wuce na fara karatun limanci, ajina kuma ya yi nisa. Ban zama Mumper ba. Na zama Firer, mai alkawarin zaman tuzuru da biyayya, amma ba ya tsayawa a bagade. Ɗaya daga cikin abokan nan nawa uku ya zama limami, ranar da ya fara jagorantar sujada ni na zuba masa ruwan wanke hannu. Ya yi mini zafi, ba zan yi ƙarya ba. Amma daga baya ni aka damƙa wa samari masu neman wannan hanya, shekara da shekaru, kuma duk wanda ya zauna gabana yana bin tururuwa da ido, na san yadda ake jiransa. Abin da na koya musu mai amfani, a gonar Baba na same shi.

Da kaka ta sake zagayowa muka ɗaure dammunan gero, wata rana da la'asar na dawo daga gona na ga farar riga a ƙofar gidanmu. Mumper ne zaune a tabarma, Mati na gefensa yana murmushin mai laifi. Ashe Inna ce ta aike shi ya kirawo Mai Gemu, ba wanda ya gaya mini. Baba na nan, 'Yar Gabi na nan, matan gida sun yi cirko-cirko. Inna ta fito da sabon zane, ta durƙusa a gaban baƙon, ta ba ni baya.

"Bara ka tambaye ni, ban ba ka amsa ba. Ga ta yau. Na ce a tsaya, an tsaya. Damina guda ina kallo. An sha dariyar mutane, ban ji gunaguni ba, ba a kuma sake tambayata ba. Amma ni na haihu, na san in jiki na gona rai na wani wuri. Wanda ya gudu ba shi dawowa. Wanda anka aika, shi ke dawowa. To, ni na aike shi. Ka sa a takardarka uwarshi ce ta aike shi."

'Yar Gabi ce ta fara magana.

"To ni hwa? Mijina za a ɗauka, ni ba a tambayata?"

Aka fashe da dariya, har Baba. Mumper ya zaro takarda daga jakarsa ya ɗora a gwiwa, ya rubuta a nan take. Da ya gama, Inna ta ce a karanta mata, kada a sa abin da ba ta faɗa ba. Ya fara juya mata da Hausa a hankali, kalma bayan kalma: ni, matar wane, ta ƙauye kaza a ƙasar Madarumfa, na yarda da bakina, na kuma aiki ɗana na fari, mai suna...

Inna ta ɗaga hannu da sauri, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Tsallake wurin nan," in ji ta. "Na san shi."